Yadda Ake Shirya Kasuwanci Don Sauye-sauyen da ke Tafe a Kafafen Sada Zumunta

Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke ɗif a duniya baki ɗaya na kimanin awa shida. Ba masu kutse ne suka jawo ba, kuskure aka samu wajen daidaita na'urorin kamfanin da ya mallake su. Duk mai sana'ar da odarsa da lambobin kwastomominsa da hotunan kayansa ke cikin waɗannan manhajoji uku, ranar zaman jira ya yi. Abin da ya faru a Indiya ya fi wannan zafi. Ranar 29 ga Yunin 2020 gwamnatin ƙasar ta haramta TikTok tare da wasu manhajoji 58, mutanen da suka daɗe suna tara mabiya suka wayi gari ba su da hanyar ko da gaya wa mabiyan inda suka koma. Kafin nan wasu dandalin sun mutu gaba ɗaya: Vine ta rufe a 2017, Google+ da BBM suka bi ta a 2019.

Dandalin sada zumunta shagon haya ne. Mai gida na iya ƙara kuɗi, ya sauya ƙofar shiga, ko ya rushe ginin ba tare da ya shawarce ka ba. Ba cewa nake yi ka fita ba, domin a nan jama'a suke, kuma mai saye ake bi. Abin da nake so shi ne ka zauna da sanin matsayinka, kana kwashe abin da yake naka zuwa inda ba mai taɓa shi.

Abubuwa uku sun riga sun nuna inda aka dosa. Yawan mabiya ya daina tabbatar da cewa za a ga abin da ka wallafa, domin yanzu manhaja ce ke zaɓar wa kowa abin da zai gani bisa abin da ya saba kallo. Ciniki yana barin bainar jama'a yana komawa cikin saƙon mutum biyu. Sannan ƙirƙirarriyar basira (AI) ta shigo tsakani: tana amsa wa kwastoma, tana rubuta talla, tana kuma kwaikwayon murya da fuskar mutum ga 'yan damfara. Matakan da ke ƙasa a kan waɗannan ukun aka gina su.

Mataki na farko: gano ta inda masu sayenka ke shigowa

Kafin ka sauya komai, ɗauki wata guda kana yi wa duk sabon kwastoma tambaya ɗaya: a ina ka ji labarinmu? Ka rubuta amsar a littafi ko a jadawali a waya, tare da abin da ya saya. A ƙarshen wata ka ƙirga. Sau da yawa za ka tarar dandalin da ka fi ɓata wa lokaci ba shi ne ke kawo kuɗi ba, wataƙila wanda wani ya turo ya fi wanda ya ga talla yawa. Idan kuma ka ga fiye da rabin cinikinka daga dandali guda yake zuwa, to ka san inda haɗarinka yake, kuma mataki na gaba gaggawa ne a gare ka.

Mataki na biyu: tara kundin kwastomomi wanda yake naka

A ganina wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mabiyanka a Instagram ko TikTok ba a hannunka suke ba. Ba za ka iya sauke lambobinsu ba, ba za ka iya tafiya da su wani dandali ba. Abin da ke hannunka shi ne sunan mutum da lambar wayarsa ko adireshin imel ɗinsa, wanda ya ba ka da kansa.

Buɗe jadawali a Excel ko Google Sheets. Ginshiƙan da kake buƙata ba su da yawa: suna, lamba ko imel, abin da ya saya, ranar da ya saya, ta inda ya same ka, da kuma ko ya yarda a riƙa turo masa saƙo. Wannan na ƙarshen kada ka tsallake shi. Ka tambaya a fili, misali: "Kana so mu riƙa sanar da kai idan sabbin kaya sun iso? Ba za mu wuce saƙo biyu a wata ba." Wanda ya ce a'a, ka rubuta a'a ka ƙyale shi. Wanda ya ce e, ka rubuta ranar da ya yarda.

Dalilin wannan tsantseni biyu ne. Na ɗaya doka. Tun ranar 25 ga Mayun 2018 Tarayyar Turai ke aiki da dokar kare bayanan mutane ta GDPR, wadda tararta kan kai Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfani a shekara, kuma ƙasashe da dama sun yi nasu dokokin a kan wannan turba. Ka nemi ta ƙasar da kake, da ta ƙasar da kwastomominka suke. Na biyu ya fi kusa da aljihunka: mutumin da ka tura wa talla ba da izininsa ba yana iya toshe ka ya kai ƙararka ga manhajar, kuma idan masu yin hakan suka yi yawa, WhatsApp na rufe lamba. Masu sayar da jerin lambobin mutane dubu-dubu suna nan, ka guje su. Lambar da aka sayo ba kwastoma ba ce, baƙo ne da za ka dama.

Ta yaya za ka jawo mabiyi ya shiga kundin? Ka ba shi dalili. Wanda ke cikin kundin ya riga kowa sanin isowar kaya, ko ya sami rangwame a sayensa na biyu, ko a riƙa tuna masa lokacin da abin da ya saya ke buƙatar gyara ko sauyi. Ka buga lambar QR, wato zanen da ake haskawa da kyamarar waya, a jikin rasit da ledar kaya, wadda za ta buɗe hira da kai kai tsaye.

Duk ƙarshen wata ka sauke kwafin jadawalin ka ajiye a wuri na biyu da ba ya dogara da waccan wayar. Hotuna da bidiyon kayanka ma haka: ka adana na asali kafin ka ɗora su, domin wanda za ka sauke daga dandali an riga an rage masa inganci, wani kuma da tambarin dandalin a jiki. Kada kuma ka bar wa kowane ma'aikaci cikakken kundin a wayarsa. Amanar mutane ce.

Mataki na uku: mallaki adireshi a intanet

Sayi sunan shafin intanet da sunan kasuwancinka, ko da shafi ɗaya tal za ka ɗora: abin da kake sayarwa, lambarka ta gaskiya, lokutan aiki, da jerin shafukanka na ainihi a kowane dandali. Ka tabbata da sunanka aka yi rajistar, ba da sunan wanda ya haɗa maka shafin ba, kuma ka kula da ranar sabuntawa. Idan kana da wurin da ake zuwa, ka yi rajistarsa a Google Business Profile, tsarin da ke nuna shago a taswira da binciken Google, kyauta ne. Ranar da wani dandali ya ɗauke ko aka sace shafinka, nan ne mutane za su duba su ga inda kake.

Mataki na huɗu: tsara hirarka da kwastoma

Wanda ke son ganin inda ciniki ta saƙo ya dosa ya dubi China. WeChat ta fara a 2011 a matsayin manhajar hira kawai. A 2013 aka saka mata biyan kuɗi, a 2017 aka saka mata ƙananan manhajoji a cikinta, har ta kai mutum na iya zaɓar kaya, ya biya, ya bibiyi isowarsu ba tare da ya fita daga wurin hira ba. Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, na bin wannan sawu da WhatsApp, wadda ta saya a 2014 a kan kimanin dala biliyan 19: ta fito da WhatsApp Business a 2018, ta ƙara katalog, ta kuma buɗe biyan kuɗi a cikin hira a ƙasashe kamar Indiya da Brazil. Ko biyan bai iso inda kake ba, sauran kayan aikin suna nan, kuma yawancin masu sana'a rabinsu ma ba su taɓa ba.

Fara da raba lambar kasuwanci da taka ta kanka. Sauke WhatsApp Business a kan lambar kasuwancin, ka cike bayanan shagon gaba ɗaya. Daga nan ka cika katalog: kowane kaya da hoto mai haske, suna, farashi da ɗan bayani. Na san akwai masu ɓoye farashi don a zo a tambaya. Ban goyi bayan haka ba. Mai saye na yau yana kwatanta wurare da yawa a zama ɗaya, kuma wanda ya ce sai an turo masa saƙo kafin ya faɗi kuɗi shi ake fara tsallakewa.

Sai ka saita saƙon maraba ga wanda ya fara yi maka magana, da saƙon da ke fita idan an tashi aiki, wanda zai faɗi takamaiman lokacin da za a amsa. Ka rubuta amsoshin gaggawa ga tambayoyin da ake maimaitawa, waɗanda za ka kira da alamar / da kalma ɗaya. Ka yi wa kowace hira alama: sabon mai tambaya, ya yi oda, ya biya, an tura, yana da ƙorafi. Kowace safiya ka fara da masu ƙorafi, sannan waɗanda suka biya.

Wajen aika sanarwa, ka san iyakar kowace hanya. Jerin watsa saƙo yana ɗaukar mutum 256, kuma saƙon ba ya isa ga wanda bai adana lambarka a wayarsa ba, saboda haka ka riƙa roƙon kwastoma ya adana ta tun ranar farko. Tashar WhatsApp, wadda aka fito da ita a 2023, ta fi dacewa da sanarwa ga jama'a da yawa, domin mabiya ba sa ganin lambobin juna. Zuba mutane cikin guruf ba da izininsu ba kuwa hanya ce ta korar su.

Idan saƙonni suka fi ƙarfin waya ɗaya da 'yan na'urorin da aka haɗa da ita, akwai babban tsarin da Meta ta tanada don kamfanoni, wanda ma'aikata da yawa ke amsawa ta lamba guda. Yana da ƙa'ida: kwastoma in ya yi maka magana, kana da awa 24 ka amsa yadda kake so, bayan nan sai da samfurin saƙon da Meta ta amince da shi, kuma na talla biya ake yi. Wannan ya isa ya nuna maka cewa isa ga mutum ta saƙo ma ba zai ci gaba da zama kyauta ba ga mai yawan aikawa.

Mataki na biyar: rubuta amsoshinka kafin ka ba wa na'ura aikin amsawa

Tun da ChatGPT, manhajar hira ta ƙirƙirarriyar basira, ta fito a ƙarshen Nuwamban 2022, manhajojin kasuwanci da yawa suka saka mataimakin na'ura mai amsa saƙo. Amfaninsa a bayyane yake: ba ya barci, yana amsa wa mutane da yawa lokaci guda, yana iya fassara. Matsalarsa kuma ita ce idan bai san amsa ba yana iya ƙirƙiro ta, ya faɗe ta da cikakken tabbaci.

A Fabrairun 2024 wata kotun sasanta ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta umarci kamfanin jiragen sama na Air Canada ya biya wani fasinja diyya, saboda manhajar amsa tambayoyi ta shafin kamfanin ta ba shi bayanin da ba daidai ba game da rangwamen tikitin masu tafiya zaman makoki. Kamfanin ya yi ƙoƙarin cewa manhajar ce ke da alhakin maganarta, kotun ta ƙi karɓa. Abin da na'urarka ta faɗa, kai ka faɗa.

Don haka aikin yana farawa ne da takarda. Koma cikin hirarrakinka na watanni uku da suka wuce, ka fitar da tambayoyin da aka fi yi. Ka rubuta wa kowace amsa gajeriya, tabbatacciya: farashi, girma da launi, kwana nawa kaya ke yi kafin su isa, wa ke biyan kuɗin aikawa, a wane hali ake karɓar kayan da aka dawo da su, cikin kwana nawa, garanti na tsawon wane lokaci. Inda kai kanka ba ka da tsayayyar ƙa'ida, ka tsayar da ita yanzu. Wannan takardar ita za ka ba sabon ma'aikaci, ita za ka ɗora a shafinka, ita kuma za ka ba mataimakin na'ura.

Idan ka zo saita shi, ka ba shi umarni uku a sarari. Ya amsa daga takardar kaɗai. Abin da babu a ciki ya ce zai haɗa mai tambaya da mutum. Kada ya yi alkawarin rangwame, mayar da kuɗi ko ranar isowar kaya da kansa. Sannan ka gwada shi kamar kwastoma mai wuyar sha'ani: ka nemi ragi, ka yi fushi, ka rubuta da kuskure, ka gauraya harsuna, ka tambayi kayan da ba ka da su. Ka gwada shi musamman da harshen da kwastomominka ke rubutu da shi, domin ƙwarewar waɗannan na'urori ta fi ƙarfi a harsunan da ke da rubutu mai yawa a intanet. In ya yi rauni, ka bar shi a matsayin mai shirya maka daftari, kai ka duba ka aika.

Ka gaya wa mutane cewa da na'ura suke magana, kuma ka bar musu hanya mai sauƙi ta isa ga mutum. Ƙorafi, batun kuɗi, da duk wanda ransa ya ɓaci, mutum ne zai karɓa. A makonnin farko ka riƙa karanta hirarrakin da na'urar ta yi kowace rana. Kada kuma ka zuba sunaye da lambobin kwastomomi cikin manhajar da ba ka karanta ƙa'idarta ta riƙe bayanai ba.

Akwai wata fa'ida ta wannan takarda da ba a cika lura da ita ba. Mutane sun fara tambayar mataimakan na'ura inda za su sayi abu, Google ma tun Mayun 2024 ya fara ɗora taƙaitacciyar amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike. Waɗannan na'urori rubutu suke karantawa. Kasuwancin da bayanansa ke rubuce a fili, iri ɗaya a ko'ina, ya fi samun damar a ambace shi daidai fiye da wanda farashinsa ke cikin hoto ko saƙon murya.

Mataki na shida: yi bidiyon da ke amsa tambaya

A Janairun 2018 Facebook ta sanar da cewa za ta fifita abin da 'yan'uwa da abokai suka wallafa a kan na shafukan kasuwanci da kafafen labarai, shafuka da yawa suka ga masu ganinsu sun ragu. Daga baya salon TikTok ya mamaye ko'ina, Instagram ta kawo Reels, YouTube ta kawo Shorts. A wannan salo, kowane bidiyo shi ke nema wa kansa masu kallo. Wannan dama ce ga ƙaramin mai sana'a, domin ba sai ya tara dubban mabiya kafin a gan shi ba.

Ba sai ka bi kowane yayi ba. Koma kan takardar tambayoyinka, kowace tambaya bidiyo ɗaya ce. Mai sayar da takalma ya nuna yadda ake auna ƙafa kafin a yi oda, mai gyaran waya ya nuna alamun batirin da ya gaji. Ka faɗi abin da bidiyon ya ƙunsa a daƙiƙoƙin farko, ka saka rubutu a kan allo saboda masu kallo ba sauti, ka kuma rubuta sunan kayan da kalmomin da mai nema zai rubuta. A 2022 wani babban jami'in Google ya faɗa a bainar jama'a cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na matasa, idan suna neman wurin cin abinci, TikTok ko Instagram suke buɗewa maimakon Google. Wato waɗannan dandali sun zama wurin bincike, kuma bidiyon da ke amsa tambaya yakan daɗe yana kawo mutane.

Kowane bidiyo ya ƙare da hanya ɗaya ta isa gare ka. Idan ka biya wani mai ɗimbin mabiya ya tallata maka, ka ba shi lamba ta musamman da masu saye za su ambata don ka san abin da ya kawo, kuma ya bayyana cewa talla ce. Hoton kaya kuwa na gaske za ka ɗora. Na'ura na iya gyara haske ko bango, amma idan ta ƙawata kayan fiye da yadda suke, dawo da su za a yi.

Mataki na bakwai: toshe ƙofar 'yan damfara

A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a ofishinsu na Hong Kong ya shiga taron bidiyo da waɗanda ya ɗauka shugaban sashen kuɗi ne da abokan aikinsa. Duk fuskoki da muryoyin na jabu ne. Ya tura kimanin dala miliyan 25. Idan aka iya yi wa babban kamfani haka, kwaikwayon muryarka daga bidiyoyin da ka ɗora ba abu ne mai wuya ba.

Kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman wata shaida ta biyu kafin a shiga, a kowane shafi, tun daga imel ɗin da ka buɗe su da shi, domin wanda ya kama imel ya kama sauran. A WhatsApp lambar sirri ce mai alƙaluma shida da kai za ka zaɓa. A sauran wurare, manhajar samar da lambobi ta fi saƙon tes aminci, saboda ana iya sace layin waya. Lambar da aka turo maka don shiga, ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga kamfanin yake. Saƙon da ke cewa za a rufe shafinka cikin awa 24 sai ka danna wani adireshi, tsohuwar dabarar sata ce. Ka buɗe manhajar da kanka ka duba ko akwai sanarwa.

Kada ka ba ma'aikata kalmar sirrinka. Shafukan kasuwanci suna da tsarin ba kowa iya ikon da aikinsa ke buƙata. Ka sa mutum na biyu amintacce a matsayin mai cikakken iko saboda tsaro, kuma ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ranar za a cire shi.

A kan kuɗi, ka kafa ƙa'ida guda wadda ta hau kan kowa har kai: duk umarnin tura kuɗi ko sauya lambar asusu, ko ta murya ya zo ko ta bidiyo, sai an kira mutumin a lambar da aka riga aka sani an tabbatar. Ka gaya wa ma'aikatanka cewa ba za ka taɓa jin haushi ba don sun kira ka sun tabbatar. Kwastomomi kuma ka sanar da su sunan asusunka guda, da cewa ba ya sauyawa ta saƙo. Kada ka saki kaya a kan hoton rasit, sai ka ga kuɗin a asusunka. Sau ɗaya a wata ka rubuta sunan kasuwancinka a wurin bincike na kowane dandali, ka kai ƙarar duk shafin da ke kwaikwayonka, ka kuma gargaɗi mabiyanka.

Mataki na takwas: lissafa talla da ciniki, ba da yawan masu kallo ba

A Afrilun 2021 Apple ta tilasta wa manhajoji neman izinin mai iPhone kafin su bibiye shi a wasu manhajoji. Meta da kanta ta ce wannan zai rage mata kimanin dala biliyan 10 a 2022. Ma'anarsa gare ka ita ce dandali ba sa ganin duk abin da ya faru bayan an danna talla kamar da, saboda haka lissafinka ne abin dogaro. Raba abin da ka kashe da adadin waɗanda suka saya. A ce ka kashe 100, mutum 5 suka saya, kowane kwastoma ya tsaya maka a 20. In ribarka a kansa 15 ce kuma ba ya dawowa, asara kake yi komai yawan masu yabawa. In yana dawowa sau uku, tallar ta biya. Kundinka na mataki na biyu ne zai gaya maka ko yana dawowa.

Mataki na tara: gwada sabon abu da kaɗan

Sabbin dandali za su ci gaba da fitowa, kowanne da hayaniyarsa. A Oktoban 2021 Facebook ta sauya suna zuwa Meta a kan cewa makomar hulɗa tana cikin duniyar da ake shiga da tabarau na musamman. Sashen da ke wannan aikin ya yi asarar sama da dala biliyan 13 a 2022 kaɗai. Sayar da kaya a bidiyon kai tsaye ya bunƙasa ƙwarai a China, amma Facebook ta rufe nata a Oktoban 2022, Instagram ta bi a Maris na 2023. Threads, dandalin rubutu na Meta, ta sami rajista miliyan 100 cikin kwana biyar a Yulin 2023, sai dai rajista daban, ciniki daban. Gwamnatoci ma suna sauya wasan: Indonesiya ta hana saye da sayarwa kai tsaye a cikin kafafen sada zumunta a 2023, TikTok Shop ta rufe a can a watan Oktoba, ba ta dawo ba sai a Disamba ta hanyar haɗa gwiwa da Tokopedia, kasuwar intanet ta ƙasar. Ostireliya kuma ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 riƙe shafi a kafafen sada zumunta a 2024, abin da ya shafi duk mai sayar wa matasa.

Idan sabon dandali ya fito, abu na farko shi ne ka yi rajistar sunan kasuwancinka a kai, ko ba za ka yi amfani da shi ba, don kada wani ya riga ka. Daga nan ka tambayi kwastomomin da ke kundinka ko suna can. In suna can, ka ware masa ɗan lokaci, kamar kashi ɗaya cikin goma na lokacin da kake ba tallace-tallace, na tsawon wata uku. Tun kafin ka fara ka rubuta abin da zai sa ka ci gaba, misali adadin masu tambaya ko na masu saye da kake son gani. Ka yi amfani da bidiyoyin da ka riga ka adana, kada ka sayi sabbin kayan aiki saboda gwaji. Wata uku na cika, ka duba jadawalin "a ina ka ji labarinmu". In adadin ya kai, ka ƙara masa lokaci daga dandalin da ya fi rauni. In bai kai ba, ka bar saƙo ɗaya a saman shafin mai ɗauke da adireshinka da lambarka, ka sa ranar da za ka sake dubawa bayan wata shida.